Lalla Yamna da Mai Ɗaukar Jaka

Shekara da shekaru Lalla Yamna tana kafa tandarta a ƙofar shagon shayina, a unguwarmu ta Tamara, kusa da birnin Rabat. Kafin in buɗe da safe ta riga ta kwaɓa fulawa, ta shafe teburinta da mai, tana ninka misamman, wainar fulawarmu mai ninki-ninki, tana shimfiɗawa a kan baƙin ƙarfe. Mutane su saya a wurinta, su shigo wurina su ci da shayi. Ba mu taɓa zama mun yi wata yarjejeniya ba. Mijinta Si Lahsan abokina ne. Da ya rasu ta zo da tandarta ta ajiye, ni kuma na matsar da kujeru na ba ta wuri.

Gajeriyar mace ce mai ƙarfin hannu da kaifin baki. 'Ya'yanta mata sun yi aure a garin Sala, ya rage autanta Taufik. Si Lahsan ban ruwa yake yi a filin golf da ke cikin dajin Darus Salam, shi ya sa da Taufik ya kawo ƙarfi ya shiga cikin masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna. Wata shekara da aka yi gasa, wani matashi ɗan Beljiyam ya zo ba shi da mai ɗaukar jaka, aka haɗa shi da Taufik. Jininsu ya haɗu. Da aka gama ya ce Taufik ya bi shi Turai.

Ba ta hana shi ba. Ta cika masa leda da misamman, ta raka shi tashar jirgin ƙasa, ta dawo ta hura wutarta. Sunan ɗan wasan ya gagari bakinta, don haka ta sa masa Dogo, mu ma muka bi ta.

A wancan zamanin babu wayar da ake ganin fuska. Wayar shagona Taufik yake kira, in leƙa in ce, "Lalla, ɗanki." Ta goge hannu a zani ta shigo, ta tsaya a gefen teburin shagon tana magana da ƙarfi kamar da muryarta za ta ƙetare teku. A farkon tafiyarsa ya zo gida sau biyu. Daga nan sai zuwan ya yi wuya. Dogo ba ya cikin manyan 'yan wasa, abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, idan sanyi ya shigo aka daina gasa sai Taufik ya nemi aiki a filayen Sifen. Kullum maganar ɗaya ce: "Baɗi, Umma, in Allah ya yarda."

Wata rana cikin bazara ta ajiye wayar ba ta fita ba. Ta tsaya tana kallon talabijin ɗin da ke rataye a bango.

"Allal, wannan akwatin naka yana kamo golf?"

"Yana kamowa, Lalla. Amma wa zai kalla?"

"Ni. Taufik ya ce Dogo ya samu shiga babbar gasar da ake yi a Birtaniya, a bakin teku. Ya ce duk duniya ake nunawa."

Wani dattijo da muke kira Ba Jilali, tsohon direban tasi wanda kujerarsa ta kusa da taga ta kusa ɗaukar siffar jikinsa, ya ajiye kofinsa. "Golf? A nan? Mutum ya bugi ƙwallo, ya bi ta da ƙafa, ya same ta, ya sake korar ta. Wuni guda ba wanda ya yi gumi. Haba Lalla, ki tausaya mana."

"Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana zagaya Rabat ba ka isa ko'ina ba, kai ne za ka yi wa wani gorin yawo?"

Aka kwashe da dariya. Dama lokacin an tafi hutun ƙwallon ƙafa, ba abin da za a rasa. Na ce ranar Alhamis talabijin tata ce.

Ranar Alhamis ta kashe wutarta da wuri, ta sako jallabiyar da take zuwa biki da ita, ta shigo ta zauna. Ban taɓa ganin ta zaune a cikin shagon ba sai ranar. Ta ƙura wa akwatin ido. Ga fili kore ba itace ko ɗaya, ga teku toka-toka, ga mutane cikin rigunan sanyi alhali mu muna fifita. Ba ta kallon masu buga ƙwallon. Idonta yana kan waɗanda ke biye da su da jaka a kafaɗa. Duk wanda aka nuno sai ta ɗan ɗago, ta koma.

La'asar ta yi, ba Taufik, ba Dogo.

"Ko dai tashar ce ba ita ba?"

"Ita ce, Lalla. 'Yan wasan sun fi ɗari. Waɗanda ke kan gaba kawai ake nunawa."

Can ta ce, "To yaya ake zama kan gaba?"

Na gaya mata ɗan abin da na tsinta a bakin marigayi mijinta: ramuka goma sha takwas ne, kowa yana so ya jefa ƙwallonsa a ciki, wanda ya yi bugu mafi ƙaranci shi ne gwani.

"Wato wanda ya fi kowa ƙarancin aiki shi ke cin kofi? Ashe Jilali ya yi asarar baiwarsa."

Ba ta iya karatu ba, don haka idan aka nuno allon sunaye sai in nuna mata tutar ƙasar Dogo, baƙi da rawaya da ja. Ranar tutar tana can ƙasa, sai an juya shafi ake ganinta. Na kuma gaya mata cewa bayan wasan Juma'a za a tankaɗe rabin mutanen a sallame su. Ta tashi ta kama hanyar gida ba ta ce wa kowa sai da safe ba.

Juma'a Dogo ya fita da sassafe, iska ba ta taso ba. Kafin mu dawo daga masallaci ya gama, kuma ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba. Da rana iska ta taso daga teku ta dinga kwasar ƙwallayen manyan 'yan wasa tana watsawa cikin ciyawa. Lalla Yamna na zaune tana kallon tutarta tana hawa ba tare da Dogo ya ɗaga sanda ba. Duk wanda ƙwallonsa ta faɗa kwarin yashi sai ta ce, "Allah sarki," amma bakinta yana motsi da murmushi.

"Lalla, mugunta fa ba kyau," in ji Ba Jilali.

"Ni ban roƙa musu ba. Iskar Allah ce."

Gab da magariba aka maimaita wani bugu da Dogo ya yi da safe. A gefen hoton aka ga kafaɗar mutum da hannu riƙe da tawul. Ko ƙiftawar ido bai kai ba.

"Shi ne," ta ce.

"Hannu kawai kika gani."

"Ni na haifi hannun."

Asabar shagon ya cika. Labari ya zaga unguwa cewa ɗan Lahsan zai fito a talabijin. Mahauci ya rufe rumfarsa, 'ya'yanta mata suka zo daga Sala suka tsaya a bakin ƙofa, har liman ya leƙo ya ce wucewa yake yi, ya kuma zauna. Dogo yana cikin na ƙarshen fita, wurin da ake ajiye gwanaye. Da aka kira sunansa ya fito, sai ga Taufik a bayansa, tun daga kai har ƙafa, jaka a kafaɗa.

Shagon ya ɗauki ihu. Ita kuwa idonta yana kansa. Ta miƙe ta matsa har ƙarƙashin akwatin, ta ɗaga kai. Ya yi ƙiba kaɗan, gashin gaban kansa ya ja baya, ya bar gemu. Ya tsinki ciyawa ya watsa sama yana duba inda iska ta nufa, ya raɗa wa Dogo magana, ya zaro sanda ya miƙa masa.

"Ya fara furfura," ta ce a hankali. "Bai gaya mini ba." Can kuma ta ce, "Dubi tafiyarsa. Yana jan ƙafar hagu. Allal, jakar nan nauyi gare ta?"

Na ce ba sosai ba. Ta harare ni.

Wunin nan kaf ta yi shi a tsaye. Da aka fara ruwa ta ga Taufik ya buɗe lema ya riƙe wa Dogo, shi kuma ruwan yana sauka a wuyansa, sai ta juyo ta dubi jama'a. "Ku ji mini mutum. Lemar ba ta isa biyu ba ne?" Amma da Dogo ya gangaro da wata ƙwallo daga nesa ta yi ta tafiya har ta faɗa rami, ita ta fara guɗa. Ba Jilali ya buga tebur har shayi ya zube masa a cinya. Aka tashi Dogo yana na uku.

Lahadi ta zo da ƙaton faranti na kuskus ta ce sadaka ce, kowa ya ci. An fara lafiya. A ramukan farko Dogo bai yi kuskure ba, har mai sharhi ya fara ba da tarihinsa. Sai suka iso wani rami da ke daf da teku. Muka ga shi da Taufik sun tsaya suna magana, maganar ta yi tsawo. Taufik ya zaro sanda, Dogo ya girgiza kai, Taufik ya mayar ya zaro wata. Dogo ya buga. Ƙwallon ta tashi, iska ta tare ta, ta faɗo cikin wani kwarin yashi mai zurfi kamar rijiya. Ya buga ba ta fito ba. Ya sake bugawa ta daki bango ta dawo gabansa. Daga nan hannunsa ya lalace. A rami na gaba ya jefa ta cikin ƙaya.

Hoton ƙarshe da aka nuno mana, Taufik ne yana share yashin da Dogo ya tattake, kansa a sunkuye. Daga nan aka koma kan wasu.

Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Lalla Yamna ta koma kujerarta ta zauna. Na ce ko in kashe. Ta ce a'a, ai yana nan cikin filin, ko da ba a nuna shi ba. Ta zauna har aka miƙa wa wani kofi, ta ga matarsa da 'ya'yansa sun rugo sun rungume shi, sannan ta ɗauki farantinta ta fita.

Washegari ya bugo waya. Ina jin ta tana cewa, "Na gan ka. E, na gan ka sosai. Ka sayi hula." Sai ta juya mini baya tana saurare.

Dogo bai sake kaiwa wannan matsayi ba. Amma ita ta riga ta kamu. Duk shekara idan lokacin gasar ya zo sai ta kashe wuta ta shigo, ko tutarta tana allon ko ba ta nan. Ta san wanda hannunsa ke rawa idan ya matso kusa da rami, ta san wanda ke wulaƙanta mai ɗaukar jakarsa, kuma ba ta taɓa yafe wa irinsu ba. Ba Jilali, har Allah ya karɓi ransa, yana zagin wasan yana kuma riga kowa zama.

Daga baya gwiwa ta hana Taufik ɗaukar jaka. Ya samu aiki a wani kantin kayan golf a can, ya yi aure, ya haihu. Sai a lokacin ya zo gida, da matarsa da 'yarsa wadda ba ta jin Larabci. Na gan su zaune shi da uwarsa a benci bayan tanda. Sun gama gaisuwa, sun gama lissafa waɗanda suka rasu, magana ta ƙare musu. Yana juya kofi a hannu kamar baƙo. Can ta ce, "Ranar nan a bakin teku, sandar da ka fara zarowa ita ce daidai, ko?"

Ya dube ta da mamaki, ya yi dariya har ya share ido. "Ban sani ba, Umma. Har yau ban sani ba." Suka yi ta hirar ramin nan har ƙullunta ya bushe. Hutunsa ya ƙare ya koma.

Yanzu ƙarfinta ya tafi, ta bar tandar, tana zaune wurin babbar 'yarta a Sala. Na je gaishe ta da ƙaramar Salla na tarar sun gama waya da Taufik, irin wadda ake ganin juna. Na ce ai yanzu ta huta, kullum ga shi a tafin hannunta.

Ta mayar wa 'yarta wayar. "Fuska ce kawai, Allal. Ya zauna ya gyara riga, yana yi mini murmushi don kada in damu. A wancan akwatin naka kuwa yana tafiya, yana aikinsa, bai san ta inda nake kallonsa ba."

Ta ce a kawo mini shayi. Ta tambaye ni wa ya karɓi wurinta a ƙofar shago, da na gaya mata ta ce yarinyar tana cika wa misamman mai.