Bunsuru Ba Shi da Surukai

A gidanmu na unguwar Birni, lokacin sanyi ne kasuwar tatsuniya ke ci. Da an idar da isha'i, Kaka Delu za ta ja tabarmarta kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Mutuniyar Damagaram Takaya ce, ta tsufa a birni, amma har ta rasu ba ta yarda mutanen birni sun san hatsi mai kyau ba. Ba ta buɗe labari yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga baƙuwa nan tafe, wa zai matsa mata?" Mu ce, "Ta shigo, Kaka." Yayana Lawali, wanda nake bi, shi ne mai zaman gaba, ƙafafunsa har cikin toka, yana cinye gyaɗar tun ba ta huce ba.

Tatsuniyar da ya fi so ita ce ta dodo mai dogon hannu. Wata shekara aka yi yunwa, dodo ya tare bakin rumbun da dabbobi suka tara gero a ciki. Barewa ta ce ita gudu gare ta, ta zagaya ta dama, hannu ya miƙe ya kaɗe ta. Zomo ya bi ta hagu, ya sha mari. Shaho ya ce shi ta sama zai faɗa, dodo ko duban sa bai yi ba, ya ɗaga tafi ya watsar da shi. Sai ga bunsuru, ɗan guntu, ga wari. Bai kauce dama ba, bai kauce hagu ba. Ya sunkuyar da kai ya nufi ƙirjin dodo.

Nan Kaka ke dakatawa ta miƙa hannunta siriri saman wuta. "Ku duba nan," in ji ta. "Hannun nan nesa yake aiki. In ka shige jikinsa, kafin ya naɗo shi ka gama abin da ya kawo ka." Dodo ya faɗi rigingine, dabbobi suka kwashi gero. Sai Kaka ta kaɗe zane ta ce, "Baƙuwa ta tafi, ku ma ku tashi ku ba ni wuri."

Lawali ya girma ya zama gwanin ƙwallon kwando, wadda muke ce wa baske. Ba shi da wani tsawo, amma duk Damagaram an san shi da abu ɗaya: ba ya tsoron dogon da ke tsare ƙarƙashin kwando. Sauran 'yan wasa in sun hango dogo sai su jefa daga nesa, su bar wa Allah. Shi kuwa sai ya taho da ƙwallo a guje, ya tashi sama, ya sa kafaɗa a ƙirjin mutum, sannan ya saki ƙwallon da ɗaya hannun. Ko ta shiga, ko alƙalin wasa ya busa wa dogon laifi. Abokansa suka ji asalin dabarar suka laƙaba masa Bunsuru, yana kuwa amsawa da fara'a.

Sai ya auri Rakiya, yarinyar kirki 'yar Zango. Wanta Isuhu shi ne dogon ƙungiyar Zango, mutum kamar giginya, hannunsa na wuce bakin kwando. Ba a daɗe da bikin ba aka haɗa ƙungiyar Zango da ta su Lawali a wasan ƙarshe. Wani mai horarwa ya taso daga Yamai don ya ɗauki ɗan wasa ɗaya, da alkawarin gurbin karatu a can. Kowa ya san tsakanin su biyun za a zaɓa.

Da safen ranar Lawali ya durƙusa gaban Kaka neman addu'a. Ina wurin, ina tankaɗe. Ta shafa kansa ta ce, "Na ji da wan matarka za ku yi. Ka dai san inda aka haife ka. Kar in ji an ce jikan Delu ya bangaje surukinsa a bainar jama'a."

Ya yi dariya. "Haba Kaka, to bunsurun hwa?"

"Bunsuru ba shi da surukai," in ji ta, ba ta ko murmusa ba.

A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wan matarka uba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka cin abinci gabansa, in kun haɗu a lungu kai ne mai raɓewa. Lawali ya taso a haka, ya shiga fili a haka.

Na gani da idona. Karon farko ya wuce mutum biyu kamar an kafa su, ya taho, ya tashi. Ana sauran taku ɗaya ya haɗu da Isuhu, sai na ga kafaɗarsa ta janye da kanta. Ya karkace gefe, ya saki ƙwallon daga nesa. Isuhu ya mare ta har cikin 'yan kallo. Mutanen Zango suka ɗau ihu. Ya sake zuwa ta hagu, aka sake marewa. Mai horar da su Lawali yana ta dukan cinya yana cewa, "Lawali, shiga jikinsa! Mi ya same ka yau?" Ni kaɗai a filin na san abin da ya same shi, kuma na ji haushi har hawaye suka zubo min. Daga baya ma ya daina zuwa, ya koma jifa daga nesa irin ta matsorata. Isuhu kam bai ji kunyar komai ba, don al'ada ba ta ɗora masa ba.

Isuhu aka ɗauka. Ya yi karatu, ya yi wasa a ƙasashe, ya dawo da mota. Lawali ya ƙara 'yan shekaru a fili, gwiwa ta ƙi, yanzu kabu-kabu yake yi da babur a Zango. Bai taɓa ɗora wa Kaka laifi ba. Ni na ɗora mata, na kuma faɗa mata tun tana da rai. Ta ce, "Ai an yabe shi da kunya." Gaskiya ne, an yabe shi. Har yau in ya wuce a kan babur ana cewa ga yaro mai tarbiyya.

Bara aka yi sunan autar Lawali, Isuhu ya zo daga Yamai. Ana zaune a zaure, ina miƙa goro daga bakin ƙofa, sai hira ta koma kan wasan nan. Isuhu ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Wallahi ranar cikina ya ɗuri ruwa. Saura laifi guda alƙalin wasa ya fidda ni daga fili. Da ka shigo min sau ɗaya yadda ka saba, da na fita, da kai ne a Yamai. Ina ta jira, ka ƙi zuwa."

Aka yi ta dariya. Lawali ma ya yi, kansa a ƙasa.

Na daɗe ina zaton Kaka dabarar cin dodo take koya mana. Yanzu da na yi shekaru na gane tatsuniyar ta dodon waje ce, wanda ba ka haɗa komai da shi ba. Na cikin gida ba ta da labari a kansa, sai umarni. Ina ƙaunarta har gobe, ina yi mata addu'a, amma ban yafe mata safiyar nan ba.

Da dariya ta lafa, Isuhu ya miƙa kofinsa ba tare da ya waiwaya ba. Lawali ya taso ya durƙusa, ya zuba masa shayi da hannu biyu.