Tandun Kwallin Taibatu

Yayata Taibatu ko murhu za ta hura sai ta rambaɗa kwalli. A Dosara duk jaririn da aka miƙa mata, kafin uwarsa ta ankara an zizara masa. Ita a ganinta ido ba kwalli kamar miya ba gishiri ne.

Shekarar da ake aikin dam ɗin Bakolori ta haifi Hayatu. Tana cikin jego ƙuraje suka feso mata a leɓe, sai idonta na hagu ya yi jajir, yana hawaye, ba ya son haske. Ta ce ƙurar motocin dam ce. Ta tatsa nono ta ɗiga, ta ƙara kwalli a kai, wai ya wanke dattin. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mijinta Jafaru ya kai mu asibitin Mafara, ni ina goye da yaron.

Nas ɗin, Sista Naomi, ta ce ciwon leɓen ne ya shiga idon, kuma yana kama jarirai da muni. Taibatu ta dafe ƙirji.

"Sista, yaye shi za a yi?"

"A'a, ki ci gaba da ba shi nono. Ki shafa wannan man, ki wanke hannu kafin ki taɓa shi, ban da sumbata. Tsinken kwallinki yana taɓa idonsa?"

 Ni kuwa na san tsinke ɗaya ne ita da shi. Yayata ta ce tun da idon ya fara ba ta gani sosai, ta ji tsoron tsokane shi, ta bar sa masa sai ta warke. Sista ta buɗe idon yaron ta duba, fes.

Da Sista ta ce a yar da tandun kwallin, Taibatu ba ta yarda salin alin ba. "To wane ɗa na ba kwalli, sai ka ce mujiya?" Amma a hanyar gida da kanta ta wurga tandun cikin daji, tana ƙunƙuni har muka isa.

Ta makara da zuwa asibiti, farin tabo ya zauna mata a idon. Hayatu kuwa ya tashi garau. In muka tsokane ta da Mai Ido Guda, sai ta jawo shi jikinta ta ce, "Gudan ya ishe ni kallon nashi biyu."