Khairiyya Biyu a Gidan Yahuza

Wasila Giɗaɗo 'yar Malikanchi ce, shekararta goma sha ɗaya tana aiki a ɗakin gwaji na asibitin Makarfi. Wuni take a kan madubin likita, tana duba 'yan gilasan da aka shafa wa abin da aka lakato daga bakin mahaifa. Na taɓa tambayarta me take nema. Ta ce yawanci ƙwayar halittar da ta munana. Amma akwai wata sankara da ba a cika gani ba, ƙwayoyinta kan jeru tsaf kamar masu lafiya, sai dai cikinsu cike da majina mai ɗan rawaya. Mai gaggawa wucewa zai yi.

Sau biyu ta taɓa ganin irinta. Na biyun da daminar bara ne, a gilashin wata Khairiyya Yahuza, mai shekara talatin da takwas, daga Gazara. Babban likita a Zariya ya duba, ya ce a kawo matar cikin sati biyu a ɗebi tsoka a tabbatar. Wayarta kuwa a kashe.

Ran Asabar Wasila ta hau acaɓa daga Makarfi har gidan Yahuza. Ta tarar da wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa, suka gaisa.

"Iya, Khairiyya nake nema."

"Ga ta zaune."

"Ke kika je gwajin mahaifa?"

"Ni? Mahaifar da ta yi ritaya tun ba a haife ki ba? 'Yar nan, rana ce ta buge ki?"

Wasila ta ɗauka an yi kuskuren suna, har ta miƙe. Sai ta lura da wata mata a bakin murhu, kai a sunkuye.

"Iya, waccan fa?"

"Takwara ce, matar ɗana."

Ashe sunansu ɗaya. Tun da aka kawo ta gidan ba mai kiranta da shi, ita ma ba ta iya amsa shi a gaban suruka.

Wasila ta ja ta bayan rumbu ta yi mata bayani. Matar ta ce, "To, Malama, sai an cire masara."

"Masarar ƙafa gare ta?" in ji tsohuwar daga tsakar gida. "Takwara, wanke zanenki. Jibi da ni za a je."

Litinin da safe su uku suka shiga motar Zariya. Tsoka ta nuna abin da Wasila ta gani, kuma bai bazu ba. Aka yi wa Khairiyya aiki kafin watan ya ƙare.