Mai Firiji da Aron Babban Yatsa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, wanda duk layinmu ke kira Mai Firiji. Mallakar Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma.

Yaya, na zauna in rubuta maka ta'aziyya mai nauyi, irin wadda ta dace da dattijo, amma duk inda na juya sai dariya ta riga hawaye fitowa. Kai ka jawo.

Wanda bai san ka ba zai ce gyaran firiji ne rayuwarka. Mu kuwa mun san abin da ya mallaki zuciyarka: 'yan mutum-mutumin nan na roba da ƙarfe, waɗanda ake lanƙwasa musu hannu da ƙafa su koma mota ko jirgin sama. Ka fara tara su kana saurayi, har ka yi furfura ba ka daina ba. Kowane na asali yana da wata baƙar sitika a jikinsa. In aka ɗora yatsa aka murza, ɗumin jiki sai ya fito da tambarin kamfani. In ta ƙi nuna komai, to an sayar wa mutum da jabu.

Sai ga shi hannunka kullum yana cikin ƙanƙara, sanyi ƙalau, sitika ba ta taɓa amsa maka ba. Sai ka koma aron yatsu. Mutum zai kawo firijinsa gyara, bai gama bayani ba ka ce, "Bawan Allah, ara mini babban yatsanka." Ka ari na tela, ka ari na direban da ya tsaya tambayar hanya. Har ma'aikacin da ya zo yanke maka wuta ka ari nasa, ya zauna a benci yana mayar da jirgi mutum, ya tashi ya tafi bai taɓa waya ba.

Ranar da ka rasa wanda za ka ara, ka ɗauko dutsen gugar yayata, wai ɗan ɗumi kaɗan za ka ba sitikar. Ƙirjin mutum-mutumin ya narke, ka mayar da dutsen wurinsa da narkakkiyar roba manne a jikinsa. Washegari ta goge farar rigarta ta aiki da shi. Ta tsaya a kanka da rigar a hannu ta ce, "Baban yara, yau ka zaɓa, ko ni ko su." Ka ce, "Haba, maman yara, ke ai ba sai an murza ba, kowa ya san ta asali ce." Ta so ta ci gaba da faɗa, dariya ta hana ta. Daga baya ta ba ka layi ɗaya a kabad ɗin falo. Yau 'yan mutum-mutuminka sun cinye kabad ɗin duka, farantanta suna cikin kwali.

Lokacin da na rasa aiki, kai ka ba ni ɗaki a gidanka, ba ka taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Da na samu wani aikin, na yi ta yawo har na samo maka wanda ka daɗe kana nema, mai komawa motar kashe gobara. Na kawo shi shagonka ina ƙafafa, abokanka masu tara irinsu suna zaune. Na murza sitikar da kaina. Shiru. Na hura mata iska, na sake murzawa har yatsana ya yi zafi. Baƙa ƙirin. Na ga ɗaya daga cikinsu ya fara rufe baki yana ɓoye dariya.

Sai ka miƙa hannu ka ɗauko mafi daraja a cikin naka, ka murza da yatsanka, ka nuna musu. "Kun gani? Nawa ma ya ƙi. Tsufa ne, sitika ma tana gajiya." Duk wanda ke wurin ya san ko a jikin murhu ka ɗora wannan yatsa sai murhun ya huce. Amma duk suka gyaɗa kai. Wanda na kawo maka ɗin ka kai shi gida ka sa shi a sahun gaba, ka hana kowa taɓa sitikarsa. Yaya, ban taɓa yi maka godiyar wannan rana ba. Na gode.

Ka bar mana aiki. A kan teburinka mun tarar da ɗaya da ka fara juyawa ba ka gama ba: sama mutum, ƙasa mota. Ni da ɗanka babba da wani likita da ya zo gaisuwa duk mun gwada, mun kasa. Yayata ta karɓe shi ta ce a bar shi yadda hannunka ya bar shi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Yayata, da yara, da abokan shago, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani. Amin.