Baba Heluma da Na'urar Auna Ruwa

Duk wanda ya yi aikin gyaran hanya da Baba Heluma, shugaban leburorinmu, ya san ba ya taka kwalta da takalmi. Mota na tsayawa zai tuɓe, ya maƙale su a hammata, ya dira a titi ko da rana ta take tsaka. Shi dai ya ce da tafin ƙafa ake jin lafiyar titi. Leburori kuwa sun rantse tattalin takalmin yake yi. Har ya rasu ban gano wanne ne gaskiya ba, kuma wallahi ba wannan kaɗai ya bar ni a duhu ba.

Ina sabuwar injiniya aka kawo mana na'urori uku da za a kafa a bakin hanya, su riƙa auna ruwan sama da zafin kwalta da ruwan da ke kwanciya a kan titi, suna turo bayani ofis. Darakta ya ce duk inda suka nuna ɓarna, nan za a fara gyarawa. Ya ce ni zan zaɓi wuri, in kuma na zaɓa ba daidai ba, in kuka da kaina. Sai ya haɗa ni da Baba.

Ran da muka fita ta hanyar Gubi na shimfiɗa taswira a kan mota, na yi wa wurare uku jan biro. Baba ya duba, ya juya ta sama a ƙasa, ya sake dubawa.

"Injiniya, wanda ya zana wannan, ruwa ya taɓa dukansa a nan?"

"Baba, daga sama aka ɗauko ta."

"To ai mu a ƙasa muke."

Kafin in buɗe baki ya miƙe wajen wata tsohuwa da ta shanya barkono a gefen kwalta. Suka gaisa kamar dangi, har da tambayar awaki. Sannan ya ce, "Inna, me ya hana ki shanya a can gaba, ga fili?"

"A can? In ruwa ya taso nan yake fara sauka, kuma kwana biyu wurin bai bushe ba. Nan kuwa kwaltar har ƙona min barkonon take yi."

Baba ya waiwayo yana murmushi. "Kin ji. Ɗaya a can, ɗaya a nan."

Na ce, "Baba, me zan rubuta a rahoto? Mai barkono ta ce?"

"Rubuta Hajiya. Za su fi girmama ta."

Abin haushi, da na auna gangaren wurin sai na tarar tsohuwar ta fi taswirata gaskiya. Muka kafa biyu a inda ta nuna, na fara jin cewa lalle na samu malami.

Ashe ban ga komai ba! Damina ta kankama, sai ga darakta ya kira ni ransa a ɓace. Na'ura ta farko ta ce mako biyu ko ɗigo ba a yi ba, alhali shi da ƙyar ya fito daga unguwarsu ta Ɗan Iya saboda ruwa. Na kwance lissafi, na sake ɗaurawa, na zargi batir, na zargi kwamfuta, na zargi kaina. Da na rasa abin zargi na ɗauki Baba muka tafi.

Jama'a, rumfa na tarar. Rumfar kwano mai kyau, ƙafa huɗu, an rufe na'urar ruf, har wani mai gasa masara ya raɓe a ciki. Na ce a nemo min wanda ya yi wannan aika-aika.

"Ga ni," in ji Baba. "Ragowar kwanon gidana ne na Ƙofar Wambai. Kayan gwamnati sabo fil, ki bar shi a waje ruwa na duka?"

"Baba, ai aikinta ke nan!"

"Aikinta ta jiƙe?"

"Ƙwarai kuwa!"

Ya kalle ta da tausayi. "Kai! Wannan aiki ko lebura ba zai karɓa ba."

Aka cire rumfa, mai masara ya fi kowa baƙin ciki. Darakta kuma ya ce saura ta uku, in aka sake shirme zai karɓe aikin daga hannuna ya mai da ni ɗakin fayil. Na sha alwashin wannan karon taswira zan bi, ko Baba zai kwanta a titi.

Bai kwanta ba. Ya dai sa direba ya wuce inda na yi alama, muka yi nisa, sai ya ce a tsaya a wani ɗan kwari. Ba gari, ba mai shanya, ba ko rami ɗaya a kwaltar. Ya ce nan.

Na ce a'a. Ya ce nan. Na tambayi dalili, ya ce iskar wurin ta yi masa. Raina ya ɓaci sosai, na ce, "Baba, abincina kake wasa da shi. In ba ka faɗa min gaskiya ba, ba zan sa hannu ba."

Sai ya gangara ƙasan titin, ya yafito ni. Akwai wani ɗan kwalbati a wurin, ciyawa ta kusa rufe shi, ga wani tsohon shebur a ɓoye a ciki.

"Ni na zuba wannan, tun ba a haife ki ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Babban bututu aka ce a sa, ƙarami aka kawo, na gani na yi shiru don ina tsoron kora. In aka yi ruwa mai ƙarfi hawa titin yake yi, kafin manya su zo ya janye. Duk damina nakan zo in yashe shi. Na faɗa a ofis har na gaji, sai a ce Baba ya fara. Ni ba za su yarda da ni ba, 'yata, amma za su yarda da ƙarfen nan. Ina tsoron ranar da zai tafi da motar mutane."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A kan murfin mota na sa hannu, ban ko san me zan ce wa darakta ba.

Ban kuwa sha wahalar bayani ba, don kafin damina ta fita sau huɗu na'urar tana nuna ruwa ya haye titin. Aka sa wurin a sahun farko. Baba ya kwanta ciwo da rani, ya rasu saura mako uku a fara fasa kwalbatin. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe, ina zama ya tambaye ni, "Babba za a sa?" Na ce babba, ni zan tsaya a kai da kaina. Ya ce in auna da hannuna kafin a sauke daga mota.

Na auna, Baba, har sau biyu. Allah Ya yafe maka shirun da ka yi, Ya karɓi yashewar da ka yi ta yi ba wanda ya sani, Ya sa kabarinka ya fi kowane wuri yalwa. Amin.