Ranar da Dada Ta Kalli Ɗan Farinta

Duk wanda komfutarsa ta taɓa lalacewa a Birnin Kudu ya san shagon Yaya Zuliha, can bayan tashar motocin Gwaram, kusa da mai faci. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in tana aiki kuwa takan cije leɓenta na ƙasa har ya yi fari. Da ta gama sakandare aka kai ta shagon Malam Luke, wani mutumin Filato mai buga takardu, don ta koyi bugun rubutu kawai. Kafin shekara biyu ita ke kwance masa na'urori tana mayarwa. Shi ya dasa mata ɗabi'ar da ba ta taɓa saki ba: ba ta yarda a goge komfuta sai ta ga abin da ke ciki da idonta.

Amma a gidanmu na Surko, in aka tashi labarinta ba da shago ake farawa ba. Da wata Laraba ake farawa, kwana arba'in da uku bayan rasuwar yayanta Abdulsamad.

Abdulsamad shi ne sakataren ƙungiyar manoman unguwa. Haɗarin mota ya ritsa da shi a hanyar Sara, wayarsa ta ɓace a wurin, komfutar ƙungiya da ke cikin jakarsa kuma allonta ya farfashe. Matan gida suka naɗe ta a zane, suka ajiye cikin kayan mamaci, ba wanda ya taɓa sai da aka yi sadakar arba'in. Sai ƙungiya ta aiko cewa ranar Laraba bayan la'asar Malam Ɗan'azumi zai zo ya karɓa, a kai Kano a wanke ta tas, a sa sabon allo, a miƙa wa sabon sakatare.

Abdulsamad ne ɗan farin Dada, mahaifiyarsu. Shekara talatin da takwas ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yaron nan". In ya shigo gaisuwa, gefe take kallo tana amsawa. Haka ta ga uwarta ta yi, haka ta yi. Shi kuma mutum ne mai gudun hoto, ko ɗaya babu a gidan.

Da safiyar Larabar Dada ta ja Zuliha bayan rumbu.

"An ce yana cikin abin nan. Wai ya taɓa ɗaukar kansa a gona yana magana."

"Haka ne, Dada. Ya gaya mini."

"To ina so in gan shi." Ta murza bakin mayafinta. "Ban taɓa kallonsa sosai ba."

Zuliha ta hau babur ta koma gari, ta ɗauko tsohon allon komfutar tebur da wayoyinsa, ta rungumo shi a cinya har Surko. Ana sallame azahar ta iso. Ta tarar da Kawu Maikano, ƙanin Dada, tsohon direban motar Kano, ya riga ya tayar da ƙaramin janareto a tsakar gida.

"Wahalar banza kika yi, 'yar nan," in ji shi. "Jiya na jona ta da talabijin. Babu komai ciki sai hoton wata gona. Buguwar da ta sha ta kwashe komai."

"Bari dai in gani, Kawu."

"Gani ai na gani! Ko idona ne ba ki yarda da shi ba?"

Zuliha ta dasa allon a kan tabarma a ƙofar ɗakin Dada, ta jona waya mai shuɗin kai, ta kunna. Fankar komfutar ta ɗauka. Allon tebur ya yi haske, sai ga gonar riɗi shar, babu ko alamar fayil ɗaya a kanta. Mata suka yi cirko-cirko. Zahara'u, matar marigayin, wadda ke cikin takaba, ta leƙo daga labule ta koma.

"Ba na faɗa ba?" in ji Kawu.

Zuliha ta ɗora yatsa tana jan kibiya. Babu kibiyar. Ta ja dama, ta ƙara ja, sai ga 'yar kibiya ta ɓullo daga gefen hagu na allon kamar mai shigowa daga wani ɗaki. Ta ja hagu, ta sake ɓacewa.

Nan ta tuna. Shekara biyu baya Abdulsamad ya zo shagonta a kunyace, ya ce in ya jona majigi a taron manoma, maza na ganin hotunan iyalinsa kafin ya buɗe aiki. Ita da kanta ta saita masa: allon waje ya zama fili na biyu, kayansa su tsaya a allon komfutar inda shi kaɗai ke gani. Wato komai na nan, a kan gilashin da ya mutu.

"Yana ciki," ta ce.

"A ina?"

"A allon da ya fashe. Sai na juyo shi nan."

Matsalar ita ce, jerin zaɓin da ake juyawa da shi ma a fasasshen allon yake fitowa. Sai dai ta yi a makance. Zaɓi huɗu ne, ta san su kamar sunayen ƙannenta, amma ba ta san daga wanne zai fara ƙirga ba. Ta danna maɓalli biyu tare, ta sauka ɗaya, ta tabbatar.

Allon tebur ya mutu ɗif.

"Innalillahi! Kin ƙarasa ta!" Kawu ya dafe kai. "Ɗan abin da ya rage ma kin kashe. Me za mu ce wa mutane?"

"Kawu, don Allah."

Ta sake gwadawa. Wannan karon allon ya kawo, amma da zane-zane kore da ja suna rawa, ba a gane komai. Ta san wannan ciwon. Manhajar da ke tafiyar da hoto, wadda masu gyara ke kira direba, ta rikice wajen ƙoƙarin haɗa allo mai rai da matacce. A shago da sai ta cire ta ta sa sabuwa, amma wannan aikin awa biyu ne, kuma da ido ake yinsa. Janareto ya yi tari sau biyu. Daga masallacin unguwa ladan ya fara gwada lasifika.

Dada na zaune a bakin ƙofa, carbinta ya tsaya cak a hannunta.

"Kowa ya yi shiru," in ji Zuliha. "Da kunne zan yi."

Akwai maɓalli huɗu da in aka danne tare, direban yakan farfaɗo, komfuta ta yi ɗan ƙara guda. Ta kwantar da kunnenta dab da na'urar, ta danne. Rurin janareto ya cika gidan. Ba ta ji komai ba.

"Kawu, ja shi zaure."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi yayarsa, ya je ya ja janareton iya tsawon waya. Ta sake dannewa. Ƙit. Zanen ya ɗauke. Ta kira jerin zaɓin, ta ƙirga a ranta daga inda ta tsaya, ta sauka biyu zuwa na ƙarshe, wanda ke cewa a manta da allon komfuta gaba ɗaya. Ta danna.

Baƙi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Gonar riɗi ta dawo, cike da fayiloli.

Ana cikin salati aka yi sallama a zaure. Malam Ɗan'azumi ne, ya ce gara ya zo da wuri ya yi la'asar a nan.

"Kunna wa Dada bidiyon mana!" in ji Kawu.

"Sai na kwashe tukuna." Zuliha ta soka filashi don ta kwafe bidiyon. In janareto ya mutu a tsakiyar kallo, shi ke nan, ba ta da tabbacin allon zai sake yarda. "Kawu, ka riƙe mini baƙon minti goma."

Kawu ya gyara hula ya fita. Suna jiyo shi yana tambayar baƙon lafiyar shanunsa ɗaya bayan ɗaya.

Da koren layin da ke nuna tafiyar kwafin ya kai ƙarshe, Zuliha ta zare filashin ta ƙulle a bakin ɗankwalinta, sannan ta buɗe bidiyon. Ga Abdulsamad tsaye cikin riɗi, ba hula, yana ƙifta ido saboda rana. "To jama'a, ku dubi tazarar da na bari tsakanin kunya da kunya," yake cewa, yana dariyar kansa.

Bayan labule aka ji shessheƙar Zahara'u. Dada, bisa sabo, ta kau da kai gefe. Sai ta juyo a hankali. Ta ja kujerarta ta matso har gwiwarta ta taɓa allon.

"Ashe yana da wushirya," ta ce.

Minti uku ne kacal. Da ya ƙare, ba ta ɗaga ido ba.

"Zuliha, maido shi daga farko."