Mun Je Karɓo Kyanwa a Ka'akiyya

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwarmu ta Shisha, ni da maƙwabciyata, da buhun da ba komai a ciki naɗe a hammatata. Kyanwa za mu karɓo. Na san za ku yi dariya, amma ku bari ku ji. Tun da kyanwar Inna ta mutu bayan Hajjin bana tsohuwar nan ta daina hira, abinci ma sai na yi da gaske take taɓawa. Matar da muka ratso Sudan tare, muka binne Baba a hanya ba ta karaya ba, sai ga kyanwa ta kwantar da ita. Shi ne aka ba ni labarin wata hajiya 'yar Damagaram a Ka'akiyya mai tara kyanwoyin da ba su da kowa.

Abin da ya hana ni sukuni, ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Maƙwabciyata nan aka haife ta, takardarta na cikin jaka, Larabcinta ya fi Hausarta gudu. Ni kuwa tun da muka sauke farali na lafe ina wanki a gidajen mutane, kuma in alhazai sun watse ne ake kame. In aka ɗauke ni a hanya, Inna tana ɗaki ita kaɗai, ko randa ba ta iya kaiwa.

Motar haya muka shiga, kuɗin ya sauka tunda baƙi sun tafi, direban ma har da yi mana marhaba. Mun bi ta kusa da Harami inda ake ta rushe tsofaffin gidaje saboda sabon gini, Yamalawa na gudu da garewanin ruwa a kafaɗa. Maƙwabciyata ta saya mana tamis, burodin nan mai faɗi, da zafinsa. Ita ta cinye har da rabona, don ni duk mai kakin da na hango sai na sunkuyar da kai.

Ka'akiyya bayan gari ce, gidajen kwano da langa-langa a gindin duwatsu. Ba mu yi tambaya ba, wari ne ya kai mu. Muna tura ƙofa na ga kyanwoyi kan katanga, kan buta, har kan dardumar mai gidan. Wasu a Mina ta tsinto su bayan an naɗe tantuna. Na kwance bakin zani zan ba da wani abu, ta harare ni.

"Ba a saida kyanwa, ɗiyata. Amana ce."

Ta shiga nuna mini su da sandarta. Wannan ta wata mai sai da ƙosai ce, an kama ta an tafi da ita Jidda a mayar da ita ƙasarsu. Waccan mai ɗingishi ta wani tela ce, an kama shi a kasuwa, sai da ta kwana biyu kulle a ɗaki kafin a ji kukanta. Ashe yawancinsu masu su irina ne.

Wata ja mai yagaggen kunne ta zo ta goga kai a ƙafata, na ce ita nake so. Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta gane ni sarai.

"In an ɗauke ki, wa za shi ba ta ruwa?"

Na buɗe baki zan ce Inna, sai na tuna ko randa ba ta iya kaiwa. Maƙwabciyata ce ta ce, "Ana, ya Hajja. Ni zan ba ta." Sannan aka miƙo mana ita.

Na sa ta a buhu na ɗaure, yadda muke yi a gida don kada ta gane hanya ta koma. A dawowa, gab da shiga gari, askari ya tare motar. Na shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ita kuwa kyanwar, 'yar banza, lokacin ta ga damar tsala kuka.

"Esh hada?" ya ce yana nuna buhun.

Na kwance bakin buhun. Da ya ga kanta ya leƙo sai ya hau ni da faɗa, wai ban ji tsoron Allah ba, na ɗaure bissa, wato kyanwa, a buhu cikin wannan zafi. Ya tsiyaya mata ruwa a tafin hannunsa, ya ƙara mini wa'azi, ya ce direba ya wuce. Takarda ko zancenta bai yi ba. A rayuwata ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Da la'asar muka iso. Kyanwa ta shinshina ɗaki ta haye cinyar Inna, Inna ta ce, "Wa ya yaga miki kunne?" Ta sa na kawo madara, ta kurɓi rabi wai tana ɗanɗana mata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, shekaru ina tsoron kame, ban taɓa shirya masa ba. Na bi maƙwabciyata har bakin ƙofarta, kunya kamar ta kashe ni, na ce, "Yaya, alkawarin nan da kika ɗauka, har da Inna?"

Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Ya shekha, sai yau kika tambaya? Kawo mabuɗin ɗakin."